Yawon Buɗe Ido a Dakar da Gaɓar Tekunta

Dakar babban birnin ƙasar Senegal ne. Yana zaune a kan wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin Tekun Atlantika, ruwa ya kewaye shi ta ɓangarori uku, kuma a unguwarsa ta Almadi ne doron ƙasar Afirka ya ƙare ta yamma. Yana cikin biranen bakin teku da ƴan Nijar suka fi zuwa hutu, galibi ma'aikata, iyayen ɗalibai da masu ziyarar shehunnan Tijjaniyya. Ga mutumin Damagaram, garin ba baƙo ba ne gaba ɗaya: kuɗin sefa ɗaya ne, Faransanci na aiki, kiran salla na tashi ta ko'ina. Abin da ke sabo shi ne tekun.

Dangantakarsa da Damagaram

Faransawa sun kafa Dakar a 1857 a ƙasar Lebu, masuntan da har yau suke riƙe da tsoffin unguwannin Ngor, Yof da Wakam. A 1902 ya zama hedikwatar yankin Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, don haka lokacin da Zinder take babban birnin Nijar, kafin a mayar da mulki Yamai a 1926, gwamnan da ke zaune a Damagaram daga Dakar yake karɓar umarni. Har yanzu igiyar ba ta tsinke ba. Hedikwatar babban bankin BCEAO, mai fitar da kuɗin sefa, tana Dakar, bankin kuma yana da reshe a Zinder. Jami'ar Shaikh Anta Diop, wadda aka kafa a 1957, ta yaye likitoci da ƴan jarida ƴan Nijar masu yawa.

Hanya da lokaci

Matafiyi daga Zinder kan fara da motar safa zuwa Yamai, kimanin kilomita 900 ta Maraɗi, Ƙonni da Dosso, sannan ya hau jirgin sama. Filin jirgin Blaise Diagne da aka buɗe a Disamba 2017 yana wajen gari, tazarar kusan kilomita 50. Akwai hanyar ƙasa ta Wagadugu, Bamako, Kayes da Tambakunda, amma kwanaki ake yi a kanta, kuma rashin tsaro a wasu sassan Mali da Burkina Faso ya rage masu binta. Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, a Janairun 2025, amma tana nan cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashe masu amfani da sefa. Katin rigakafin shawara yana cikin takardun da ake riƙewa. Agogon Dakar yana bayan na Nijar da awa ɗaya.

Babban hutun makarantu ya faɗo daga Yuli zuwa Satumba, wato daidai damina a Dakar, lokacin gumi da ambaliya a unguwannin bayan gari. Wanda ke da zaɓi ya fi morewa daga Disamba zuwa Mayu. A watan Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 a unguwannin Birni da Zango na Zinder, iskar teku kan riƙe Dakar a wajen digiri 25, har mutum ya nemi rigar sanyi da dare.

Tsibirin Gore

Wurin da kusan kowane baƙo ke farawa da shi ke nan. Ƙaramin tsibiri ne, tsawonsa bai cika kilomita ɗaya ba, jirgin ruwa na isa cikin kimanin minti 20 daga tashar Dakar. Kuɗin tikiti hawa-hawa ne, ɗan Afirka na biyan ƙasa da Bature, saboda haka katin shaida na da amfani a bakin tagar sayarwa. Babu mota a tsibirin. Lunguna ne na yashi tsakanin gidaje masu launin ja da rawaya, furanni na zubowa daga katangu.

Ƴan Fotugal sun iso nan a 1444, ƴan Holan suka biyo, sannan Faransa ta ƙwace shi a 1677, Ingilishi kuma suka riƙe shi a wasu lokuta. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1978. Gidan Bayi, wanda aka gina a ƙarshen ƙarni na 18 aka mayar da shi gidan tarihi a 1962, shi ne zuciyar ziyarar. A ƙasa akwai ɗakuna masu duhu da aka ware wa maza, mata da yara, da wani ƙaramin kurkuku ƙarƙashin matakala inda babba ba zai iya miƙewa tsaye ba. A sama kuwa ɗakunan ƴan kasuwar ne, masu iska da baranda. Wani siririn lungu na kaiwa ga ƙofar da ke buɗewa kai tsaye kan ruwa, wadda ake ce wa ƙofar da ba a dawowa. Nelson Mandela, Fafaroma John Paul na Biyu da Barack Obama duk sun ziyarci gidan. Masana tarihi sun yi saɓani kan yawan bayin da suka bi ta wannan gida, da yawansu na ganin tashoshin gaɓar Gana, Benin da Angola sun fi Gore fitar da mutane nesa ba kusa ba. Wannan bai rage wa wurin nauyi ba, ko da yake masu yi wa baƙi jagora kan faɗi alƙaluman da suka wuce abin da takardu suka tabbatar.

Akwai wani gini da ƴan yawon Turai kan wuce ba su kula ba, amma ɗan Nijar ya kamata ya tambaya: tsohuwar makarantar horar da malamai ta William Ponty, wadda ta zauna a Gore daga 1913 zuwa ƙarshen shekarun 1930. A nan Bubu Hama ya yi karatu, haka kuma Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, ɗalibin wannan makaranta ne.

Cikin gari

A kan ɗaya daga cikin tagwayen tuddai na Wakam akwai mutum-mutumin Farfaɗowar Afirka, na tagulla, mai tsayin kusan mita 50, siffar namiji da mace da yaro. Shugaba Abdullahi Wad ya ƙaddamar da shi a Afrilun 2010, wani kamfanin Koriya ta Arewa ne ya ƙera shi. Limamai sun soke shi saboda gunki ne da kuma guntun tufafin macen, wasu kuma saboda kuɗin da ya ci. Da dama daga baƙi Musulmi kan hau matakalar ne don ganin gari daga sama kawai. A ɗaya tudun akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1864. Ƙasa da su, a wani lungu na bakin ruwa, masallacin Wakam mai hasumiya biyu yake, kwale-kwalen masunta a jere a gabansa.

Babban Masallacin Dakar an buɗe shi a 1964, gininsa irin na Maroko. Masallacin Masalikul Jinan na ɗariƙar Muridiyya, da aka buɗe a Satumban 2019, ya fi shi girma, yana da hasumiya biyar. A Yof kuma, a kan rairayin bakin teku, hubbaren Sayyidina Limamu Lay yake, wanda ya kafa ɗariƙar Layen ta mutanen Lebu. Gidan Tarihin Wayewar Baƙar Fata, wanda Sin ta gina, an buɗe shi a Disamba 2018.

Mata ƴan Damagaram sun fi sanin kasuwar HLM, inda shadda, leshi da atamfa suke, ga teloli masu ɗinkin Senegal. A Sumbejun ana sayar da kayan sassaƙa da na fata, da yamma kuma kwale-kwale kan dawo a baje kifi a bakin ruwa. Ƴan kasuwar Wolof suna lissafi da biyar-biyar, yadda ake yi da dala a Kasuwar Dole ta Zinder, saboda haka ciniki ba ya yi wa ɗan Nijar wuya idan ya koyi ƙirgarsu.

Abincin rana na gari shi ne cebu jen, shinkafa da kifi da kayan lambu, wanda UNESCO ta amince da shi a matsayin gadon al'ada a 2021. Ana samun zoɓo da ruwan kuka a ko'ina, da kofin Tuba mai yajin kimba. Da dare kuma ana cin dibi, gasasshen naman rago. Nau'in da ake kira dibin Hausa, yankakke ƙanana da yaji da albasa, galibi mahauta ƴan Nijar ne ke gasa shi, kuma a wajensu baƙo kan samu wanda zai gaisa da shi da Hausa ya nuna masa masauki.

Kokawar Senegal ta bambanta da ta takobin ƙasa da aka sani a Nijar, domin a manyan karawa an yarda da naushi. Ana yin su a filin kokawa na ƙasa da ke Pikin, wanda aka kammala a 2018.

Tafkin Retba

Kimanin kilomita 35 arewa maso gabashin Dakar akwai tafkin da ake kira Jan Tafki. Wata ƙwayar tsiro da ke rayuwa cikin ruwan gishiri ce ke ba shi launin hoda, musamman a rani da rana tsaka. Gishirinsa ya ninka na teku sau da yawa, har mutum ba ya nutsewa. Maza kan shafe jiki da man kaɗanya, su shiga ruwa har ƙirji, su farfasa gishirin ƙasa da sanda su loda a kwale-kwale, mata su kwashe a kan kai zuwa tudu. Wanda ya san kantun Bilma zai ga bambanci, na nan tsaba ne fari da ake tarawa tuli-tuli. Ambaliyar 2022 ta tsinka ruwan har launin ya ɓace na tsawon lokaci, don haka a tambaya kafin a ɗauki mota. A da, a bakin wannan tafki ne tseren motoci na Paris zuwa Dakar yake ƙarewa, tseren da ya sha ratsa Agadas da Tenere kafin a ɗauke shi daga Afirka bayan soke na 2008.

Gaɓar kudu

Kudu da Dakar ruwa ya fi kwanciya. Sali, kimanin kilomita 80, garin otal-otal ne da Turawa suka cika, tsada gare shi, kuma teku na cin rairayinsa. A hanya akwai gandun dajin Banja mai raƙuman dawa da karkanda. Gaba da garin Mbur akwai Jowal, mahaifar Senghor, shugaban Senegal na farko, da Fajut, tsibirin da ƙasarsa duka ɓawon kifin kwanso ne, ana shiga ta gadar katako. Maƙabartarsa ta haɗa Kirista da Musulmi a tudu ɗaya ƙarƙashin itatuwan kuka. Masu ziyara kan zarce Kaulaha, kimanin kilomita 190 daga Dakar, inda kabarin Shehu Ibrahim Inyass yake a Madina Baye, kuma lokacin Maulidi Hausa na tashi a unguwar ta kowace kusurwa.

Hatsarin ruwa

Kowace shekara teku na cin mutane a Dakar, yawanci matasa lokacin hutu. Gaɓar arewa, daga Yof zuwa Gejawaye da Malika, tana da igiyar da ke jan mutum ta ƙasa ko da ruwan bai wuce ƙugu ba, kuma hukuma ta hana wanka a rairayi da dama a can. Iya iyo a tafkin damina ba ya wadatarwa a nan. Inda iyalai suka fi zuwa shi ne Ngor, wanda tsibirin da ke gabansa ya tare masa igiya, da ƙaramin rairayin Gore kusa da inda jirgi ke tsayawa. A kwale-kwalen da ke tsallakar da mutane zuwa tsibirin Ngor ana raba rigar ceto, kuma tafiyar ƴan mintuna ce.