Ginshiƙan Baƙin Dutse

Ginshiƙan baƙin dutse dogayen sandunan dutse ne da ke tsaye manne da juna, galibinsu masu gefe shida. Suna samuwa ne idan narkakken dutsen da ƙasa ta yi amansa ya huce ya daskare, kuma an fi ganinsu a jikin baƙin dutsen da masana ke kira basalti. Baƙon da ya fara ganinsu yakan rantse magina ne suka sassaƙa su, alhali babu hannun da ya taɓa su. Zafi ne ya fita, dutse ya tsuke, ya tsage.

Narkakken basalti yana fitowa da zafin da ya haura digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya malala ya taru a kwari, samansa da gindinsa ne ke fara hucewa. Duk abin da ya huce yana tsukewa, amma ɓawon da ya daskare ba shi da sararin yin haka, domin yana manne da abin da ke kewaye da shi. Sai ya tsattsage, kamar yadda laka ke yi a gindin tabki idan rani ya yi nisa.

Tsagar ba ta ratsa dutsen a lokaci guda. Takan ɗan nutsa, ta tsaya inda cikin ke da zafi da taushi, ta jira nan ma ya huce, sannan ta ƙara gaba. Kowane taki yana barin zane a gicciye a jikin ginshiƙin, kuma ana iya ƙirga zanen da ido. Da farko tsagogin a hargitse suke, amma suna nutsawa suna gyara zama, har uku-uku su riƙa haɗuwa a kan kusurwa mai digiri 120. Daga nan gefe shida ya samo asali, domin wannan tsari ne ke sauke wa dutsen matsi mai yawa da tsaga kaɗan. Duk da haka akwai masu gefe huɗu, biyar, bakwai, har takwas, kuma mai neman daidaito tsantsa ba zai same shi ba.

A jikin ginshiƙi ana karanta yadda dutsen ya huce. Wanda ya huce a hankali yana ba da masu kauri, mai gaggawa kuwa sirara. Kullum suna miƙewa ne daga wajen da sanyi ya shigo zuwa ciki, shi ya sa na shimfiɗaɗɗen dutse ke tsaye, na wanda ya daskare a cikin tsagin ƙasa kuma ke kwance. Sau da yawa akan ga hawa biyu: miƙaƙƙu a ƙasa, ƙanana masu lanƙwasa a sama, inda ruwa ya kutsa ta tsagogi ya gaggauta hucewar. A 2018 masu bincike na Jami'ar Liverpool sun gwada basaltin dutsen Eyjafjallajökull na Aislan, suka gano yana tsagewa tsakanin digiri 840 da 890, wato bayan ya riga ya daskare. Ana kuma kwaikwayon lamarin da sitacin masara da aka dama da ruwa: idan ya bushe a hankali yakan fitar da 'yan ginshiƙai iri ɗaya.

Mafi shahara su ne na Giant's Causeway a gaɓar tekun Ailan ta Arewa, kimanin ginshiƙai 40,000 da suka samu shekaru miliyan 50 zuwa 60 da suka wuce, mafi tsawonsu kusan mita 12. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1986. Tatsuniyar mutanen yankin ta ce wani ƙato, Finn McCool, ya gina su a matsayin gada zuwa Sikotlan, inda kogon Fingal a tsibirin Staffa ke da irinsu. A Amurka akwai Devils Tower a jihar Wyoming, mai tsayin mita 264 daga gindinsa, wanda Shugaba Theodore Roosevelt ya ayyana a 1906 a matsayin wurin tarihi na ƙasa na farko. Dutsen Devils Tower ba basalti ba ne, amma tsarin ɗaya ne. A Najeriya akwai duwatsun Kahwang a ƙaramar hukumar Riyom ta Jihar Filato, waɗanda suka cancanci kulawa fiye da wadda suke samu.

An daɗe ana gardama kan asalin ginshiƙan baƙin dutse. Mabiya Bajamushe masanin duwatsu Abraham Werner sun ce basalti a cikin ruwan teku ya kwanta ya daskare. Bafaranshe Nicolas Desmarest kuwa, a 1763, ya bi sawun ginshiƙan yankin Auvergne har ya danganta su da tsofaffin duwatsun aman wuta na wurin, kuma ra'ayinsa ne ya tabbata. A 2009 masana suka bayar da rahoton ganin irin waɗannan ginshiƙai a duniyar Mars, cikin hotunan da kumbon NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya ɗauka a bangon wani rami a yankin Marte Vallis, inda siffarsu ta nuna alamar ruwa ya taɓa ratsa dutsen yana hucewa.