Waiwaye: Neman maganin raɗaɗi da ba ya cin ciki

Sama da shekara saba'in duniya ta yi tana shan asfirin ba a san takamaimai yadda yake aiki ba. Felix Hoffmann na kamfanin Bayer a Jamus ne ya haɗa shi a 1897. Sai a 1971 John Vane ya gano bakin zaren a Landan: maganin yana toshe wani inzayim, wato sinadarin da ke hanzarta wani aiki a cikin jiki, wanda yanzu ake kira COX, da jiki ke amfani da shi wajen ƙera furostagilandin, sinadaran da ke rura kumburi da raɗaɗi da zazzaɓi. Aikin ya kai shi ga kyautar Nobel a 1982. Ibuprofen da diclofenac duk ta wannan ƙofa suke bi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, waɗannan sinadarai su ne kuma ke kare bangon ciki daga ruwan tsami, suna taimaka wa jini ya isa ƙoda. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga lebura ya tsaya kemis da sassafe, ya haɗiye ƙwaya biyu da ruwan leda, ko koko bai sha ba. Ciwon baya zai lafa, gyambon ciki na tafe.

A 1991 aka tabbatar COX iri biyu ne. COX-1 na tsaron ciki, COX-2 kuma shi ke tashi idan an ji rauni. Kamfanoni suka yi rububin ƙera ƙwayar da za ta rufe na biyun kaɗai. Celebrex ya samu izini a Amurka a ƙarshen 1998, Vioxx a 1999, kuma lallai matsalar ciki ta ragu. Ashe COX-2 na da hannu wajen hana jini daskarewa a jijiyoyi. A Satumban 2004 kamfanin Merck, mai ƙera Vioxx, ya janye shi bayan gwaji ya nuna ƙaruwar haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, daga baya ya amince da biyan dala biliyan 4.85 ga masu ƙara.

Tun daga nan masu bincike suka koma farautar wasu inzayim ɗin da ke da hannu a raɗaɗi, irin su waɗanda ake kira mPGES-1 da FAAH. Can ma an sha wuya. A Janairun 2016, a garin Rennes na Faransa, wani mai lafiya da ya ba da kansa don gwajin maganin toshe FAAH ya rasu, wasu kuma suka samu lahani a ƙwaƙwalwa.