Kafin mai bincike ya zauna da ɗanka kan zancen waya

Idan mai bincike ya yi sallama a gidanka a Agege ko Idi-Araba, ya ce yana son yi wa yaranka tambayoyi kan yadda suke amfani da waya da intanet, ba laifi ba ne ka tsaya ka yi nazari. Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, wanda iyaye suka yi ƙorafin ba a yi musu cikakken bayani a kansa ba.

Wannan binciken babu allura a cikinsa, amma tambaya ma tana iya cutarwa. Yarinyar da aka tambaya ko wani baƙo ya taɓa neman hotonta ta WhatsApp, in amsarta ta fita waje, ita za ta kwana a ciki. Saboda haka ka fara neman ganin takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, wato masu tantance bincike kafin a fara shi, irin wanda ke asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) ko cibiyar binciken lafiya ta NIMR da ke Yaba, kuma ka nemi a karanta maka bayanin da Hausa kafin ka sa hannu ko ka dangwala. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta wajabta neman izinin iyaye ko waliyyi kafin a tattara bayanansa. Yardar Sarkin Hausawa ko ta malamin Islamiyya tana buɗe ƙofar unguwa ne kawai, ba ta zama taka.

Inda masu bincike suka fi samun saɓani da iyaye shi ne wajen zama. Uba yakan shimfiɗa tabarma ya zauna kusa da ɗansa, sai yaron ya sunkuyar da kai, duk tambayar da aka yi ya ce karatun Alƙur'ani kawai yake saurara. Irin wannan amsa ba ta amfani kowa. Abin da ya dace shi ne ka zauna inda kake ganin su amma ba ka jin su, kuma a nemi yardar yaron da kansa, a sanar da shi yana iya cewa ya fasa ko da an yi nisa. Wajibi ne kuma a faɗa masa tun farko cewa sirrin yana da iyaka: in ya bayyana ana cutar da shi, za a nema masa taimako.

A ganina, mai binciken da ya san aikinsa ba ya tsayawa kan tambayar awa nawa yaro ke yi a waya, domin yawancin yaranmu wayar uwa ko ta yaya suke ara bayan magariba, ba sa lissafin lokaci. Zai tambayi wayar ta wa ce, wa ke sayen data, kuma wa yaron zai gaya wa in ya ga abin da ya tsorata shi. Wanda kuwa ya nemi ɗaukar hoton fuskar yaro ko lambar sirrin wayar, ka tambaye shi inda aka rubuta hakan a takardar.