Me ake nufi da shirin ko-ta-kwana na ma'aikacin lafiya?

Tun lokacin korona ake yawan jin wannan magana a wajen bita, amma da yawa sun ɗauka aikin gwamnati ne ko na NCDC, wato hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, su kawo takunkumi su kawo safar hannu. Wancan daban. Wanda ake nufi anan shi ne tanadin da kai nas ko likita ko ungozoma ko ɗan lab za ka yi ma kanka da iyalinka tun ana zaune ƙalau, saboda ranar da annoba ko ambaliya ta zo kowa gida zai gudu, kai kuwa asibiti za a kira ka.

Daga jikinka ake farawa. Ka yi rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku ce, ka kuma iya cire kayan kariya ba sakawa kawai ba, don wajen cirewa ne mutum a gajiye yake kai hannu fuska. Zazzaɓin Lassa shigen maleriya yake zuwa, musamman da rani, shi ya sa yake cin ma'aikata, a Janairun 2020 ma sai da ya kashe likitoci a Kano.

Sai gida, kuma wallahi nan ne aka fi sakaci. In ka taɓa mai Lassa ba kariya kwana 21 za a yi ana bibiyarka, to wa zai kai yara makaranta, wa zai kula da Hajiya mai ciwon suga, wane ɗaki za ka keɓe kanka, ga mai shayarwa kuma wa zai riƙe mata jariri? Wannan zama ake da maigida ko uwargida a yanke shi tun yanzu, a ajiye hatsi da maganin masu hawan jini ko da na sati biyu ne.

Ga kuma jakar da ake bari a loka, kayan sawa kala biyu, hijabi, sabulu, cocila, caja, maganinka, katin shaidar aiki da ɗan kuɗi a hannu don ranar da ba netwok tiransifa ba ta tafiya. A Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle ruwa har cikin asibitin koyarwa na Maiduguri ya shiga, gadoji suka shafe, mai aikin dare bai da ta cewa ga lokacin da zai koma gida.