Bureau (kalmar Faransanci)

Bureau, wadda ake furtawa kusan "biro", kalma ce ta Faransanci da a yau take nufin teburin rubutu, ko ɗakin aiki, ko ma'aikata ɗungurungum. Asalinta kuwa sunan yadi ne.

Asali

A tsohon Faransanci, tun wajajen ƙarni na 12, ana kiran wani yadin ulu mai kaushi, mai launin ƙasa-ƙasa, da suna burel. Tufar talakawa ce, da ta masu zaman zuhudu na Kirista, kuma har yau ana kiran irin wannan yadi bure. Sannu a hankali ƙarshen -el ya rikiɗe ya zama -eau, kamar yadda chastel ta koma château, bel ta koma beau. Masana sun saɓa a kan tushen kalmar: wasu sun danganta ta da burra ta Latin, wato ulu mai gashi buzu-buzu, wasu da burrus, wato ja.

Sauyin ma'ana

Nan ne tarihin kalmar ya fi armashi. A wajajen ƙarni na 14, masu lissafin kuɗi sukan shimfiɗa wannan yadi a kan tebur, su jera tsabar kuɗi da 'yan ƙwayoyin lissafi a kai, suna tura su da yatsa. Da farko shimfiɗar ake kira bureau, sai sunan ya koma kan teburin da ke ƙarƙashinta. Daga nan ya mamaye ɗakin da teburin yake, mai yiwuwa a ƙarni na 15, sannan ya haɗa da mutanen da ke aiki a ciki. A kowane mataki, abin da ke kusa ne ya gaji sunan maƙwabcinsa.

A tsakiyar ƙarni na 18 aka sami bureaucratie, wato mulkin ma'aikatan ofis, da aka haɗa da kratos ta Girkanci mai nufin iko. Ana jingina ƙirƙirarta ga masanin tattalin arziki Vincent de Gournay, wanda ya rasu a 1759.

A wasu harsuna

Turanci ya aro kalmar bureau a ƙarni na 17, Jamusanci yana da Büro. Hausawan Nijar suna cewa "biro" inda na Najeriya ke cewa "ofis".