Kuɗin fito a kan kayan ƙananan 'yan kasuwa a Ghana

Kuɗin fito shi ne harajin da gwamnatin Ghana ke karɓa a kan hajar da aka shigo da ita daga waje kafin a sake ta ga mai ita. Hukumar tara haraji ta ƙasa, GRA, ce ke karɓarsa ta hannun sashen kwastan. Ya shafi Hausawa da sauran mazauna zangunan Accra da Kumasi, irin su Nima, Sabon Zango, Aboabo da Asawase, inda mutane da dama ke rayuwa a kan sarin yadi, abaya, takalma, turare da kayan waya daga Sin, Dubai da Turkiyya.

Tarihi

Biyan kuɗi kafin kaya su wuce ya girmi ƙasar Ghana kanta. A ƙarni na 19 ayarin fatake daga Kano, Katsina da Barno kan yi watanni a hanya zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, arewacin Ghana ta yau, ɗauke da kanwa, tufafi, fatu da dabbobi, su koma da goron dazukan Asante. Kowane gari aka sauka, madugu ne ke zuwa gaban sarki ya daidaita abin da ayari zai bayar, sannan a raba wa fatake gwargwadon jakunan kowa. A bakin manyan koguna kuma sai an sallami masu jiragen fito. Madugun da ya iya baki kan rage wa mutanensa asara mai yawa, shi ya sa ba kowa ake bi ba.

Bayan Ingila ta ci Kumasi, babban birnin Asante, da yaƙi a 1874 kasuwar Salaga ta soma ja da baya, yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa ta. Fatake suka watsu zuwa Kintampo, Atebubu, Kete Krachi, daga baya Kumasi da Accra, goro kuma ya fara bin teku zuwa Legas. Turawa sun ɗora nasu kuɗin hanya a kan ayari a yankunan arewa, suka soke shi wajen shekarar 1908. A bakin teku kuwa, ana danganta kafuwar aikin kwastan da shekarar 1839, kuma an daɗe gwamnatin mulkin mallaka tana samun kaso mai tsoka na kuɗin shigarta daga harajin barasar da ake shigowa da ita.

An buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928, ta Tema a 1962. Kafin Tema, manyan jirage kan tsaya can cikin teku daura da Accra, kwale-kwale su yi ta jigilar kaya zuwa gaɓa. A 1986 aka mayar da kwastan hukuma mai cin gashin kanta da sunan CEPS, a 2009 aka haɗe ta da hukumomin harajin cikin gida aka samar da GRA. Dokar kwastan da ake aiki da ita ta 2015 ce.

Yadda ake lissafi

Tun Fabrairun 2016 Ghana ke bin jadawalin harajin bai-ɗaya na ECOWAS mai matakai biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Yawancin kayan da aka gama sarrafawa, har da ɗinkakkun tufafi, suna matakin 20. Naman kaji yana matakin 35. Darajar da ake ɗora kason a kanta ta haɗa kuɗin saye, inshora da kuɗin dako har zuwa tasha.

Idan darajar kaya dala 1,000 ce a matakin 20, kuɗin fito dala 200 ke nan. Harajin VAT na kayan da ake saye, wanda ya koma kashi 15 a 2023, ana lissafa shi ne a kan jimillar bayan an ɗora kuɗin fiton, sai ya kama dala 180 ko fiye. Ga kuma harajin inshorar lafiya kashi 2.5, na asusun ilimi kashi 2.5, na ECOWAS kashi 0.5, na Tarayyar Afirka kashi 0.2, da wasu ƙanana. Ana biya da sidi, kuɗin Ghana, bisa canjin da kwastan ke sabuntawa mako-mako. A nan ne mai ƙaramin jari ke shan wuya: ya sayi kaya a birnin Guangzhou na Sin, jirgi ya yi makonni a teku, kafin ya iso sidi ta faɗi, kuɗin da ya ware ba su isa ba.

Fitar da kaya

Tun 2020 komai na bi ta manhajar ICUMS, wadda aka gina a kan tsarin kwastan na Koriya ta Kudu, ta gaji tsohuwar manhajar GCNet. Mai kaya na buƙatar lambar haraji, wadda ga ɗaiɗaikun mutane ita ce lambar katin ɗan ƙasa tun 2021, da rasitin saye, jerin kayan da takardar jirgi. Ejan mai lasisi ne ke shigar da bayanan. Abinci, magani da kayan shafa sai da sahalewar hukumar abinci da magunguna. Kwantenar da ta wuce kwanakin alfarma takan jawo tarar kamfanin jirgi da kuɗin ajiya, wadda aka bari ta daɗe kuma ana iya ƙwace ta a yi gwanjonta.

Akasarin ƙananan 'yan kasuwa ba sa cika kwantena su kaɗai. Hajiya mai shagon abaya a Nima takan kai katan biyar ko shida siton wani kamfanin dako a Dubai, a rubuta sunanta da lambar wayarta da baƙin alƙalami a jikin kowanne, a haɗa da kayan wasu. Kamfanin zai yanke mata kuɗi ɗaya bisa girman kayan, ko nauyinsu in ta jirgin sama ne, da dako da haraji duk a ciki. Ranar da kaya suka fito a kira ta ta aika yaro da mota. Hanyar tana da sauƙi, amma takardar kwastan ba da sunanta take fita ba. Ba ta san nawa aka biya gwamnati a kan kayanta ba, kuma in wani a kwantenar ya ɓoye abin da bai bayyana ba, nata ma sai su maƙale. Wannan rashi ne babba ga wadda ke son kasuwancinta ya girma, don ba ta da shaidar da za ta nuna wa banki.

Na Kumasi suna da ƙarin kuɗin tirela daga Tema. Tashar sauke kaya ta tudu a Boankra kusa da Kumasi, da aka tsara don rage musu wannan, ta shafe shekaru da dama ana jiran ta.

Taƙaddama

Rigima ta fi yawa a kan ƙiyasin daraja, domin kwastan na iya ƙin amincewa da farashin da ke kan rasit. A Afrilun 2019 gwamnati ta rage ƙiyasin da kashi 50 ga kayan yau da kullum, kashi 30 ga motoci. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta GUTA ta goyi baya, ƙungiyar masu masana'antu ta AGI ta ce ragin na kashe kayan gida. An zaftare shi a 2022, aka janye shi gaba ɗaya a farkon 2023.

Iyakokin ƙasa

Kayan da aka sarrafa a ƙasashen ECOWAS kuma aka yi musu rajista suna shigowa ta Aflao a iyakar Togo ko Elubo a iyakar Côte d'Ivoire ba tare da kuɗin fito ba, amma sai da takardar shaidar asali. Hajar Sin da aka saro a Lome, babban birnin Togo, ba ta cikin wannan rangwame.