Lakar Haƙa Mai Nauyi a Rijiyoyin Iskar Gas

Lakar haƙa ruwa ce mai kauri da ake turawa ta cikin bututu zuwa gindin rijiya, ta sanyaya bakin injin haƙa, ta kuma kwaso ɓarɓashin dutse ta dawo da shi sama. A ma'adanar iskar gas babban aikinta shi ne danne gas ɗin da nauyinta, don kada ya kutso cikin rijiya kafin a shirya masa.

Ana auna nauyin laka da fam a kowane galan. Ruwa zalla fam 8.33 ne, amma lakar rijiyoyi masu tsananin matsi kan kai fam 18 ko fiye. A zurfin ƙafa 15,000, lakar fam 18 tana danna gindin rijiya da ƙarfin fam 14,040 a kan kowane murabba'in inci, alhali ruwa zalla ba zai wuce 6,500 ba. Dole wannan matsi ya fi na gas, kuma kada ya kai ga tsaga dutse, domin in dutse ya tsage laka ta zurare ciki, tsayinta a rijiya ya ragu, gas ya sami hanya. Tazarar da ke tsakanin iyakokin nan biyu kan tsuke ƙwarai a rijiyoyi masu zurfi, ga shi kuma gogayyar laka da bango yayin da famfo ke aiki tana ƙara matsi.

Garin barait, wani ma'adini da ya ninka ruwa nauyi sau 4.2, shi aka fi zubawa don ƙara nauyi. Zuba shi ba wuya, hana shi kwantawa ne aiki. Idan aka tsayar da famfo, musamman a rijiya mai karkata, barait kan gangara ya taru a ƙasa, sai laka ta rabu: mai sauƙi a sama, mai nauyi a ƙasa. Ƙara danƙo yana rage kwanciyar, amma yana ɗaga matsin gogayya, shi ya sa masu haɗa laka kan koma ga gari mai laushi sosai wanda ba ya saurin kwantawa, kamar na ma'adinin manganis ko barait da aka niƙa liƙis. Hematait, wani nau'in tama, ya fi barait nauyi, sai dai yana cinye famfo da bututu. Akwai kuma ruwan gishirin siziyam fomet, mai kai ninki 2.3 na nauyin ruwa ba tare da wani gari ba, don haka babu abin da zai kwanta ko ya toshe ƙofofin dutse. Tsadarsa ce ta sa ake tace shi a sake amfani da shi.

Zafi ma yana da nasa sharaɗi. Daga digiri 150 na Salshiyas zuwa sama, yawancin sinadaran riƙe kauri a laka mai tushen ruwa sukan lalace, sai a fi karkata ga laka mai tushen mai. Ita kuwa tana da haɗari ɓoyayye: gas yana narkewa a cikinta a ƙarƙashin matsi, ba a ganin alamarsa sosai a tankunan laka da ke saman ƙasa, sai ya kusa bakin rijiya ya kumbura farat ɗaya. Saboda haka ake auna nauyin lakar da ke shiga da wadda ke fitowa a kai a kai, ana kuma lura da ko ɗan ƙarin da aka samu a tanki.